Kafin ku saka biskit a haɗin katako

Salamu alaikum 'yan uwa kafintoci na Sokoban da Anloga a Kumasi.

Masu haɗa saman tebur ko kabad da biskit, ku kula da wajen ajiyarsa. Biskit ɗin nan ɗan matsattsen katako ne busasshe da ake sakawa a ramin da aka yanka a gefen katakai biyu don haɗa su, ruwan farin gam ne ke kumbura shi a cikin rami har ya kama. To, damunar Kumasi kun san ta. In ka bar fakiti a buɗe cikin shago, zai sha raɓa ya kumbura tun bai shiga aiki ba, sai ka ga kana dukansa da guduma. Ku zuba a kwalba mai murfi.

Lambar girma uku aka fi samu: 0, 10 da 20. Katako mai kaurin milimita 18 zuwa sama, ɗauki 20, ramin ya zauna a tsakiya.

Bayan an matse, kada a yi saurin gugar sanfefa. Wajen biskit ɗin yakan ɗan tashi saboda danshin gam, musamman a katakon wawa mai laushi; in ka goge a lokacin, yana bushewa zai lotsa, fenti ya tona asiri. A ba shi kwana biyu.

Ƙafar kujera kuwa, ni dai ban yarda da biskit ba. A fafe rami a katako ɗaya, a fitar da harshe a bakin ɗayan a sa a ciki.