Yadda za ka riƙa lura da Allah a tsakiyar hidimar yini

Na sha ganin 'yan'uwa, sabbin tuba da ma waɗanda suka daɗe a coci, suna fara abin nan da zafi. Lahadi an ji wa'azi, Litinin an ɗau alkawarin awa guda na addu'a kullum da asuba, kafin Alhamis an koma gidan jiya. Ni ma haka na yi ba sau ɗaya ba. Ga yadda nake bi yanzu.

Da farko kar ka ce sai ka ware sabon lokaci, ba ka da shi. Ka rataya addu'ar a jikin abin da dama kake yi kullum, guda uku kacal, misali wanke fuska, sa hannu a ƙofa za ka fita, da wanke kwanuka. Akwai wani ɗan zuhudu a Paris, Ɗan'uwa Lawrence, ya rasu a 1691, shekaru ya yi yana aikin kicin kuma a nan tsakanin tukwane ya saba hira da Allah.

Sai ka riƙe 'yar gajeriyar kalma ɗaya. Tawa ita ce "Ubangiji, kana nan", daga Farawa 28:16 na ɗauko, inda Yakubu ya farka ya ce ashe Ubangiji yana wurin shi bai sani ba. Ba sai ka sayi wani littafi ko manhaja ba, ajiye kuɗinka.

To ga inda ni na sha kaye. Hankalinka zai tafi, wannan dole ne. Zan rufe ido, minti biyu ba su cika ba na tsinci kaina ina lissafin bashin da ake bina, daga nan na koma shirya amsar da zan ba wanda ya ɓata min rai jiya, har ina gyara kalmomin yadda za su fi yi masa zafi, sai in farga in ji haushin kaina in ce ni dai ba na ruhaniya ba ne, in watsar da abin sati guda. Haushin nan shi ya cuce ni, ba tunanin ba. Yanzu in tunani ya zo ba na kokawa da shi, ɗaukarsa nake in miƙa: "Uba, ga bashin nan, ga mutumin nan." In hankalina ya tafi sau 20, in dawo sau 20. Duba Luka 10, Yesu bai kori Marta ba, wadda hidimar baƙi ta ɗauke mata hankali daga sauraronsa, sunanta ya kira har sau biyu ya ce abubuwa da yawa sun dame ta. Kuma don Allah kar ka zauna jiran tsikar jikinka ta tashi. A 1 Sarakuna 19 iska mai ƙarfi ta wuce annabi Iliya, girgizar ƙasa ta wuce, wuta ta wuce, Ubangiji ba ya cikinsu, sai daga baya 'yar murya a hankali. Yawancin ranaku ba za ka ji komai ba, ci gaba abinka.

Waya kuwa, a sa ta caji nesa da gado. Littafi Mai Tsarki na takarda za ka buɗe da safe, na cikin waya tarko ne, ka shiga neman Zabura ka ɓulla a WhatsApp.

Da dare minti 5, irin bitar yini da wani firist, Ignatius na Loyola, ya koyar tun ƙarni na 16. Tambaya biyu: ina na ga hannunsa yau, ina na wuce shi ban kula ba? Sau da yawa sai a nan kake ganewa, kamar almajiran nan biyu da suka yi tafiya da Yesu a hanyar Imuwasu ba su gane shi ba sai daga baya. A zaune za ka yi, in ka kwanta barci ne zai amsa.