Yadda ake tsintar duwatsu masu siffa a kewayen Damagaram

Ka fita bayan damina, wajen watan Oktoba, lokacin da ruwa ya wanke kwari ya tono abin da ƙasa ta binne. Riƙe guduma, tsumma, guntun gilashi, kwalba mai murfi da littafin rubutu. Tabarau dole ne, don ɓarɓashin dutse na iya tsiyayar da ido. In wurin gonar wani ne, fara neman izininsa. Tsohon ramin haƙa kuwa, ko leƙa shi kada ka yi.

Manyan duwatsun nan da ke cikin Birni da kewayensa garanit ne, narkakken dutse da ya huce sannu a hankali can ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa ake ganin ƙwayoyinsa da ido. Kada ka ɓata ƙarfinka kana dukan jikinsu. Nemi farar jijiyar da ta ratsa dutsen, ka bi ta har inda ta yi ɗan kogo. A zamanin da, ruwan zafi mai ɗauke da sinadarin silika ya bi wannan tsagar yana hucewa, ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwarz, tana tsirowa daga bango. Inda ta sami fili sai ta miƙe da fuska shida da tsini a kai, kamar an fere ta. Inda wuri ya matse sai ta cunkushe ta zama farin dunƙule kawai. In ka sami mai tsinin, don kada ta karye, ka fasa nesa da ita, ka ɗauko ta tare da guntun uwar dutsen.

Daga nan sai gwaji. Kwarz tana mataki na 7 a ma'aunin tauri na Mohs, tana karce gilashi. Wanda farce ya karce, mai yiwuwa jifsum ne, mataki na 2. Mai ƙyallin da ke ɓarewa falle-falle sunansa maika, yara sun sha kawo mini shi suna murna sun sami zinariya.

Kanwar tafkunan yankin Manga, gabas da Damagaram, tata hanyar daban ce: rana ke ƙafar da ruwa, ƙwayoyi su fito cikin rani guda. Na taɓa samun wata mai tsinaye sirara kamar allura, na tsoma ta a ruwa in wanke, gefenta ya zaizaye ina kallo, har yau abin na yi mini ciwo. Irin wannan da busasshen buroshi ake share ta, a rufe a kwalba saboda laimar damina.

Kafin ka bar wurin, naɗe kowane dutse daban a tsumma, ka rubuta sunan ƙauyen da ranar, ka cusa takardar a ciki.