Yadda zaka duba hoton OCT na hawan jinin ido

Toh in an maka OCT, wato hoton da na'ura ke ɗauka na bayan ido dan auna kaurin shimfiɗar jijiyoyin gani, kaga ja (alamar shimfiɗar tayi siriri) a takardar sakamakon, kar hankalinka ya tashi tukuna. Fara tambayar likita tsawon ƙwayar idonka, na yawancin mutane kusan milimita 24 ne amma wanda matsalar rashin ganin nesa ta masa yawa nasa yakan wuce 26, sai da'irar da na'urar ke aunawa ta faɗa nesa da kan jijiyar ido inda shimfiɗar ta fi siriri, ta nuna kamar cuta alhali ƙila lafiya lau. Duba ƙarfin sigina ma, wato ingancin hoton, yanar ido na rage shi. Dan Allah a haɗa da awon preshan ido da gwajin faɗin gani, in za'a maimaita hoton kuma ayi da na'ura ɗaya.