Babi na Bakwai: Tallafin Taki da Iri

Tallafin kayan noma shi ne gwamnati ta biya wani kaso na kuɗin taki, iri ko maganin feshi, manomi ya cika sauran. Ana yin haka ne domin ƙaramin manomi yakan shiga damina hannunsa babu kuɗi, ƙasarsa kuma ta gaji saboda ana nomanta shekara da shekaru ba hutu.

A shekarar 2006 shugabannin Afirka sun yi taro a Abuja kan maganar taki. A lokacin, abin da ake zubawa a hekta ɗaya a ƙasashen kudu da Sahara bai wuce kilo 8 ba, sai suka amince a kai shi kilo 50. Tun a 2005 ƙasar Malawi ta fara raba wa manoma takardar sayen taki buhu biyu da irin masara a kan rangwame. Masara ta ƙaru a shekarun da suka biyo baya, ko da yake ruwan sama mai kyau ma ya taimaka.

To amma buhun taki ba ya noma da kansa. Abu na farko shi ne lokaci. Masara tana son takin kamfa, wato NPK, ranar shuka ko cikin mako biyu na farko, sannan a ba ta yuriya idan ta kai mako biyar zuwa shida. Takin da ya iso bayan masara ta fitar da kai ya makara. Wannan ne babban abin da ke kashe amfanin tallafi, kuma abin takaici ne, domin manomi ne ke ɗaukar asarar jinkirin da ba shi ya jawo ba. Saboda haka ku yi rajista tun da rani, ku haɗa kai a ƙungiya, ku matsa a kawo kaya kafin ruwa ya sauka.

Yadda ake sa shi ma yana da muhimmanci. Yuriya da aka watsa a saman ƙasa, rana tana dukanta, ƙarfinta yana bin iska. A yi ɗan rami nesa kaɗan da gindin shuka, a zuba, a rufe, lokacin da ƙasa take da damshi. A yi noma kafin a sa taki, in ba haka ba ciyawa ce za ta cinye. Ƙasar da ake zuba wa takin dabbobi ta fi riƙe takin zamani, ingantaccen iri kuma ya fi amsa shi.

Wasu sukan sayar da takinsu saboda matsin gida. Ba a zarge su ba, yunwa ba ta jira. Sai dai kuɗin yau ba ya kai darajar hatsin da takin zai ƙara a kaka.

Aikin gida: Ku rubuta ranar da kuka yi shuka bara, ranar da kuka sa taki, da yawan buhunan da kuka samu. Ku zo da shi aji mu kwatanta.