Yadda na gyara hotunan ungulu da suke fitowa baƙi ƙirin

Kwana biyu ina zarya wajen wani mushen saniya a bayan garin Kaduna, ta hanyar Kachia, amma duk hoton da na ɗauka sai ungulayen su fito kamar an zana su da gawayi, fukafukan kuma dishi-dishi. Abin ya ƙona min rai, don yanzu ganin ungulu sai an yi sa'a, ba kamar da ba da suke cika rufin kwata. Tun 2015 ƙungiyar IUCN mai kula da kare halittu ta duniya ta sa irin tamu ta gida cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa.

Ashe kyamara ce take ruɗewa. Tana auna hasken farar ƙasa da hazon hunturu, sai ta rage haske, tsuntsu mai duhun gashi ya nutse. Na ƙara hasken zuwa +1, na kai saurin ɗauka 1/1600 na daƙiƙa don fukafukan su daina dishi-dishi, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) kuma 800, sannan na koma inda rana take bayana.

Saura tashin da suke yi da na matso. Wani dattijo makiyayi ne ya cece ni: "Malam, koma cikin motarka. Mutum suke gudu, ba ƙarfe ba." Na zauna, na ɗora kyamara kan buhun gero a taga. Warin kam sai haƙuri, takunkumi bai hana komai ba.

Bayan kusan rabin awa suka sauko. A hoton har fatar fuskar ɗaya ta fito, ta yi jajir saboda rigimar da suke yi a kan hanjin saniyar.