Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Tsara Manhaja Daga Sama Zuwa Ƙasa

Ka ba ɗalibi aikin manhajar lissafin wani shagon atamfa a Kantin Kwari, kafin ka rufe baki ya buɗe kwamfuta yana buga kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Tun daga nan aka karkace. Abin da ya kamata shi ne ya fara rubuta aikin duka a jimla ɗaya: lura da cinikin shago. Sai ya kasa shi gida huɗu, shigowar kaya, sayarwa, bashi, da lissafin yamma. Kowane kaso ya sake tsaga shi har ya kai girman da za a iya rubutawa a zama guda. Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja mai suna Pascal, ya bayyana wannan hanya tun 1971.

Wani kuma ya raba aikin, amma sai ya nutse a kaso ɗaya. Yana ta fama da yadda rasit zai fito, alhali bai yanke yadda za a rubuta sunan mai bashi ba. Gama kowane mataki a faɗinsa kafin ka sauka ƙasa.

A zanen tafiyar aiki, wato fulocat, matsalar ta fi yawa a akwatin tambaya mai siffar daimon. Tambayar "akwai turmin a shago?" dole ta fitar da kibiya biyu, e da a'a, kowacce da rubutu a jikinta. Sau da yawa ana zana hanyar e kaɗai, kamar kaya ba sa ƙarewa. Haka zagayen da ba shi da ƙofar fita: kibiya ta koma sama, babu sharaɗin tsayawa, manhaja ta yi ta juyi har a kashe ta. Ɗauki biro ka bi kibiyoyin da ciniki na gaske, har da na kwastoman da ya biya rabi ya ce sai ran Juma'a.

Siffofin ma kada a cakuɗa su: mai kama da ƙwai na farawa da ƙarewa ne, akwati miƙaƙƙe na aiki, karkatacce na shigar da bayani ko fitar da shi.

Batun manhajojin zane kuwa, draw.io kyauta ne, Visio na kuɗi, Flowgorithm kuma yana gudanar da zanen ka ga inda ya maƙale. Ni dai na fi son a fara a takarda, don masu farawa a allon kwamfuta kan ɓata awa guda suna zaɓen launi. In zanen ya ƙi shiga shafi ɗaya, ware kaso ɗaya, kamar na bashi, ya samu nasa shafin.