Babi na Bakwai: Yaron da Karatunsa Ya Wuce Shekarunsa, a Wane Mataki Za a Ɗora Shi?

Wata rana bayan mun tashi daga aji, wata uwa ta tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse, sannan ta matso ta ce, "Malam, ɗiyata shekararta shida, amma littafin yayanta na aji huɗu take ɗauka ta karanta ba ko tuntuɓe. A gida nake koyar da ita. Manhajar aji huɗun zan saya mata gaba ɗaya, ko yaya ka gani?"

Na tambaye ta ko yarinyar tana iya rubuta jimla biyar a zama ɗaya. Ta ɗan yi shiru. "Layi biyu take yi," in ji ta, "sai ta ajiye fensir ta ce hannunta ya gaji. In na matsa mata sai kuka."

To, amsar tambayarta tana cikin bakinta. Idon yarinyar nan ya kai aji huɗu, hannunta kuwa yana nan a aji ɗaya, inda ya kamata hannun 'yar shekara shida ya kasance. Duk wanda yake koyar da irin wannan yaro a gida zai ci karo da wannan, kuma a kansa darasinmu na yau ya tsaya.

Yaro ɗaya, matakai da yawa

Masu wallafa littattafan koyarwa a gida sun saba sayar da manhaja a dunƙule. Kunshi ɗaya na shekara ɗaya: littafin karatu, na rubutu, na nahawu, na lissafi, na kimiyya, na tarihi, duk da lambar aji ɗaya a bango. Sun tsara shi ne bisa zaton cewa yaro yana tafiya kafaɗa da kafaɗa a kowane fanni. Yaron da ya yi saurin kama karatu ba haka yake ba. Harshensa da idonsa sun yi gaba, amma tsokar yatsunsa, da tsawon lokacin da zai iya zama wuri ɗaya, da abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka, duk suna girma ne da shekaru.

Malamin da ke da yara talatin a gabansa dole ne ya ɗauki mataki guda ya tafi da kowa. Ku da kuke da yaro ɗaya ko biyu a gida, babu abin da ya ɗaure ku da lambar da ke bangon kunshi. Kuna iya ɗaukar karatu daga aji huɗu, rubutu daga aji ɗaya, lissafi daga aji biyu. Wannan ita ce babbar ribar koyarwa a gida, kuma abin takaici ne a ga iyaye sun zubar da ita don kawai an ce musu a sayi kunshi guda.

Karantawa daban, fahimta daban

Kafin a ce yaro ya kai aji kaza a karatu, sai an tabbata me ake nufi da karatun. A shekarar 1986 wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, suka bayyana cewa fahimtar abin da aka karanta tana fitowa ne daga abu biyu: iya haɗa haruffa su zama kalma, da kuma gane ma'anar maganar. Suka ce dangantakar biyun irin ta lissafin sau ce. In ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne, kome girman ɗayan.

Kun san wannan a jikinku. Za a iya miƙa muku takarda da wani harshe da kuka san haruffansa amma ba ku jin sa, ku karanta ta a bayyane tiryan-tiryan, a tambaye ku me aka ce, ku rasa ta cewa. Akwai yara masu yawa da haka karatunsu yake a manyan littattafai. Baki yana gudu, murya tana da daɗi, baƙi suna yaba wa, amma labarin bai shiga ba. Wannan ya fi yawa idan harshen littafin ba shi ne yaron yake magana da shi kullum ba. Saboda haka saurin baki kaɗai ba ya isa hujjar sayen manhajar manyan aji.

Gwajin kalma ɗari

Ga hanyar da za ku auna da kanku, ba ku bukatar kome sai littafi da fensir da takarda. Asalinta daga aikin wani masanin koyar da karatu ne na Amurka, Emmett Betts, wanda ya fitar da ita a 1946, kuma malamai suna amfani da ita har yau.

Ku samo littafin matakin da kuke tunani, wanda yaron bai taɓa karantawa ba. Wannan sharaɗi ne, don yara suna haddace abin da suka saba ji. Ku buɗe wajen tsakiya, ku ƙirga kalmomi 100, ku sa ɗigo inda suka ƙare. Ku zaunar da shi lokacin da ya ƙoshi kuma ba ya jin barci, ku ce ya karanta muku a bayyane. Duk kalmar da ya kuskure, ko ya tsallake, ko ya musanya da wata, ko ya cije har sai da kuka faɗa masa, ku ja ɗan layi a takardarku ba tare da ya lura ba. In ya yi kuskure ya gyara da kansa, kada ku ƙirga. Wannan alama ce mai kyau, tana nuna yana sauraron kansa.

Idan layi ɗaya kuka ja ko babu ko ɗaya, wato ya karanta kashi 99 cikin 100 daidai, wannan littafin nasa ne na jin daɗi, zai karanta shi shi kaɗai. Idan layukan ba su wuce biyar ba, kashi 95 ke nan, nan ne matakin koyarwa: da ɗan wuya, amma da ku a gefe zai ci gaba. Idan kuwa layukan sun haura goma, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, ku sauko. Tsakanin shida da goma, sai ku sake gwadawa da wani shafi ku dubi fuskarsa. Masana sun yi ta muhawara kan waɗannan alƙaluma, don haka ku riƙe su a matsayin jagora, kada su zame muku doka.

Rabin gwajin ke nan. Ɗaya rabin shi ya fi muhimmanci. Ku rufe littafin ku ce, "To, ba ni labarin abin da ka karanta." Kada ku taimaka, kada ku katse shi. Wata malama 'yar Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta gina koyarwarta a kan wannan: yaro ya ji ko ya karanta abu sau ɗaya, sannan ya maido shi da bakinsa. Yaron da ya fahimta zai ba ku labarin da kalmominsa, ya fara daga farko, wataƙila ma ya ƙara da ra'ayinsa, ya ce, "Ni da ni ne ba zan buɗe ƙofar ba." Wanda bai fahimta ba zai maimaita jimlar ƙarshe kamar yadda take a rubuce, ko ya tsinto kalma nan kalma can.

Daga nan ku yi masa tambaya huɗu. Biyu su zama waɗanda amsarsu take a fili cikin shafin, kamar wane ne ya zo, ina suka tafi. Biyu kuma su zama na "me ya sa", waɗanda sai ya yi tunani. A ma'aunin Betts, matakin koyarwa yana bukatar yaro ya amsa uku cikin huɗu. In rabi ma bai samu ba, to ko bai kuskure kalma ko ɗaya ba, littafin ya yi masa nisa.

Na san a cikinku akwai wanda yake cewa a ransa, "Yaron nan fa ya fi ni saurin karatu, ta yaya zan gwada shi?" Wannan ba abin kunya ba ne, abin godiya ne. Ku karanta shafin ku kaɗai da daddare, a hankali, sau biyu ko uku, ku shirya tambayoyinku. Washegari kuna da abin da ba shi da shi: kun san rayuwa, kun san lokacin da mutum yake faɗin abin da ya gane da lokacin da yake kame-kame. Wannan kunnen naku shi ne ma'aunin.

Hannu, da lissafi

Littafin aiki na aji huɗu yana zaton yaro zai cika rabin shafi da rubutu. Ɗan shekara shida ba zai iya ba, kuma in aka tilasta masa, abin da zai koya shi ne ƙin littafin da da yake so. Mafita mai sauƙi ce. Ya karanta darasin aji huɗu, ya amsa tambayoyin da baki, ku rubuta masa amsar in kuna son ajiyewa. Rubutun hannu kuma a ware masa lokacinsa daban, minti goma, a matakin shekarunsa, layi biyu masu kyau sun fi shafi guda na hawaye.

Ku kuma lura da wani rami da ke ɓuya. Yaran da suka koyi karatu da kansu sau da yawa siffar kalma suke haddacewa, ba su bi ta hanyar haɗa baƙi da wasali ba. Ku rubuta masa doguwar kalma da bai taɓa gani ba ku ga yadda zai yi. In ya rarraba ta gaɓa-gaɓa ya fitar da ita, madalla. In ya dubi harafin farko ya yi cinke, to yana bukatar a koma da shi kan sautukan haruffa na ɗan lokaci, ko da kuwa yana karanta manyan littattafai.

Lissafi tsani ne, ba a taka matakala ta huɗu ba a taka ta biyu ba. Iya karatu ba ya ɗaga yaro a lissafi. Ku ba shi tambayoyin bita da ke ƙarshen kowane babi kafin ku koyar da babin. In ya ci tara cikin goma, ku wuce. Inda ya fara tangarɗa, nan ne mafarinsa.

Abin da ido ya iya, zuciya ba ta kai ba

Wannan shi ne abin da ya fi damuna, kuma iyaye ba su cika tuna shi ba. Littafin da aka rubuta don ɗan shekara goma sha biyu yakan taɓo yaƙi, da mutuwar iyaye, da cin amana, da soyayya. Ƙaramar yarinya za ta iya karanta kowace kalma a ciki, sannan ta kasa barci. Kalmomin ba su gagare ta ba, nauyin abin ne ya fi ƙarfin shekarunta. Don haka kafin ku miƙa littafin labari na manyan aji, ku duba shi, ko ku sa wanda kuka amince da shi ya duba. Littattafan bayani kan dabbobi, da taurari, da teku, da yadda injuna suke aiki, suna ba irin wannan yaro kalmomi masu wuya da yake nema ba tare da sun ɗora masa kayan manya ba.

Kada kuma tsoro ya sa ku danne shi. Yaron da ya iya karatu aka zaunar da shi shekara guda yana maimaita haruffa, zai koyi hamma da wasa da fensir, kuma zai saba da cewa karatu ba ya bukatar ƙoƙari. A 2004 masana a Jami'ar Iowa da ke Amurka sun fitar da wani rahoto da ya tattara bincike na shekaru da dama, ya nuna cewa barin yara masu hazaƙa su yi gaba yana amfanar su, ya kuma lissafa hanyoyi 18 na yin hakan. Tsallake aji gaba ɗaya hanya ɗaya ce kawai a ciki. Ɗaga yaro a fanni guda, a bar shi da sa'o'insa a sauran, ita ma tana cikin jerin, kuma ita na fi ba iyaye shawara a kai ga ƙananan yara.

Kafin ku fitar da kuɗi

Masu wallafa da yawa suna ba da shafukan gwaji, wasu har da jarrabawar tantance mataki, kyauta a intanet. Ku nema. Aji uku na wani kamfani yana iya zama aji huɗu na wani, don haka lambar bango ba abin dogaro ba ce. Ku tambaya ko suna sayar da fanni ɗaya shi kaɗai. In sakamakon gwaji ya faɗa tsakanin matakai biyu, a karatu ku ɗauki na sama, a rubutu da lissafi ku ɗauki na ƙasa. Saukar da yaro bayan an ɗaga shi yana yi masa ciwo, ƙara masa gaba kuwa murna ce.

Bayan kun fara, ku ba abin mako biyu zuwa uku kuna kallo. Yaron da yake a matakinsa yakan yi tambaya, yakan ɗan cije sannan ya warware, wani lokaci ya kawo zancen darasin ana cikin wata hira daban. In ya gama kome cikin minti biyar yana leƙen taga, an yi ƙasa. In ciwon ciki yana kama shi duk lokacin da aka ɗauko littafin, an yi sama. Yaro irin wannan yana sauyawa da sauri, don haka ku maimaita gwajin kalma ɗari bayan kowane wata uku ko huɗu.

Aikin wannan mako

Ku raba takarda gida huɗu, ku rubuta karatu, fahimta, rubutu, lissafi. Ku yi wa yaronku gwajin kalma ɗari da littattafai biyu na matakai daban-daban, a ranaku daban-daban. Ku rubuta yawan layukan da kuka ja, da yawan tambayoyin da ya amsa, da layi nawa ya rubuta kafin hannunsa ya gaji, da babin lissafin da ya fara tangarɗa a kai. A ƙasan takardar ku rubuta jimla ɗaya da yaron ya faɗa lokacin da yake ba ku labarin, daidai yadda ya faɗe ta. Ku zo da takardar a zama na gaba, za mu duba ta kowa ɗaya bayan ɗaya.